Boyin Hafsoshi, Uban Zuri'a

A tsibirin Guwam sanarwar rasuwar dattijo doguwa ce. Za a sa hotonsa da cikakken sunansa, sai a bi da laƙabin zuri'arsa, domin a can sunaye irin su Cruz da Santos da Camacho sun yi yawa, ba a gane mutum sai an faɗi gidan da ya fito. Daga nan a jero iyayensa da surukansa da suka riga shi tafiya, sai matarsa, 'ya'ya da mazajensu da matansu, jikoki, tattaɓa-kunne, har da 'ya'yan da ya tsaya musu a wurin baftisma. A ƙasa a faɗi cocin da za a riƙa taruwa kowane dare ana yi masa addu'ar carbi irin ta 'yan Katolika, wadda suke kira lisayu, har dare tara. A sanarwar da yawa daga cikin tsofaffin da aka haifa wajen 1920, akwai 'yan kalmomi kusa da suna da ke cewa marigayin tsohon sojan ruwan Amurka ne mai ritaya, kuma za a binne shi a maƙabartar tsoffin sojoji da ke garin Piti.

Abin da sanarwar ba ta cika faɗa ba shi ne irin aikin da aka ɗauke shi yi ranar da ya fara sa kakin. An ɗauke shi ne ya jera wa hafsoshi faranti, ya gyara musu gado, ya goge musu takalma. A lokacin ba wani gurbi da aka buɗe wa ɗan ƙabilar Camoro a jiragen yaƙin Amurka sai wannan.

Guwam yana yammacin tekun Fasifik, shi ne babba kuma na can kudu a jerin tsibiran Mariyana. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 540 ne, mutum ya iya zagaye shi da mota a yini guda. Camoro sun shafe fiye da shekara dubu uku a nan, masu sassaƙa kwale-kwalen filafilai da gudunsu ya ba Turawan farko mamaki, masu ɗora gidajensu a kan ginshiƙan dutse da ake kira latte. Magellan ya iso a watan Maris na 1521, aka yi rigima kan wani ƙaramin kwale-kwalensa, ya ƙone gidaje ya kashe mutane, sannan ya raɗa wa wurin suna Tsibiran Ɓarayi. Sifaniya ta kafa zama a 1668 da zuwan limamin mishan Diego Luis de San Vitores. Yaƙi da cututtukan da baƙi suka kawo suka cinye jama'a, har zuwa farkon ƙarni na 18 waɗanda suka rage ba su kai dubu biyar ba. Daga wannan ragowar ne Camoron yau suka fito, da addinin Katolika da sunayen Sifaniya, amma da harshensu a baki.

Yadda Amurka ta karɓi tsibirin kamar wasan kwaikwayo ne. A watan Yuni na 1898 jirgin yaƙin Charleston, ƙarƙashin Kyaftin Henry Glass, ya shigo tashar Apra ya harba igwa kan wata tsohuwar ganuwa. Jami'an Sifaniya ba su ma san ana yaƙi tsakanin ƙasarsu da Amurka ba, don wasiƙa ta daɗe ba ta iso ba. Suka shiga kwale-kwale suka je ba da haƙuri cewa ba su da albarushin da za su mayar da gaisuwar. Nan aka sanar da su cewa sun zama fursunoni. A watan Disamban shekarar, bayan yarjejeniyar Faris, Shugaba McKinley ya damƙa tsibirin kacokan a hannun Ma'aikatar Sojan Ruwa. Sauran tsibiran Mariyana kuwa Sifaniya ta sayar wa Jamus a 1899, Japan ta ƙwace su a 1914. Kabila ɗaya, harshe ɗaya, aka raba su tsakanin masu mulki biyu, kuma wannan rabuwa za ta yi ɗaci nan gaba.

Shekara hamsin ɗin da suka biyo baya, hafsan sojan ruwa ne gwamna, shi ne mai yin doka, shi ne kuma ke sama da alƙalai. An tafiyar da tsibirin kamar jirgin da aka ɗaure a tsakiyar teku. Gwamna na farko, Richard Leary, ya kori limaman Sifaniya ya hana bukukuwan waliyyai a kan titi. Wani mai suna William Gilmer ya haramta aure tsakanin farar fata da 'yan tsibirin, ya kuma haramta fito, wato yin busa da baki, a cikin gari. A 1917 aka ayyana Ingilishi a matsayin harshen hukuma shi kaɗai, a makaranta kuma ana hukunta yaron da aka ji yana yaren uwarsa. Ba za a ce sojan ruwa bai yi komai ba, ya gina asibiti da hanyoyi da makarantun firamare, yawan jama'a kuma ya ƙaru har ya haura dubu 22 a ƙidayar 1940. Sai dai Bacamore ba ɗan ƙasar Amurka ba ne a doka. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke tun 1901 cewa irin waɗannan yankuna mallakar Amurka ne amma ba ɓangarenta ba ne. A shekarar kuma wasu manyan tsibirin 32 suka rubuta takardar koke suna neman mulkin farar hula. A 1936 jama'a suka yi karo-karo, har da 'yan makaranta, aka tura Baltazar Bordallo da Francisco Leon Guerrero zuwa Washinton neman haƙƙin zama 'yan ƙasa. Sun ga Shugaba Roosevelt, amma Ma'aikatar Sojan Ruwa ta ce mutanen ba su isa ba tukuna, maganar ta mutu a majalisa.

A cikin wannan hali ne, ƙarshen shekarun 1930, aka buɗe wa samarin Guwam ƙofar shiga rundunar, a sashen masu hidimar abinci. Wannan sashe shi ne inda rundunar ke tara duk wanda ba fari ba: baƙaƙen fatar Amurka, 'yan Filifin, sai kuma Camoro. Komai kaifin ƙwaƙwalwar yaro, ba zai zama mai gyaran inji ko mai kula da rediyo ba. Albashin sabon shiga dala 21 ne a wata.

Mai karatu na yau zai iya tambaya me ya sa ɗaruruwan samari suka yi rububin irin wannan aiki. A duba abin da ke gaban yaro ɗan shekara 18 a Hagatna ko Sumay a 1938. Karatu ga mafi yawansu ya tsaya a firamare. Abin da ya rage shi ne gonar gida, wadda suke kira lanco, da busar da kwakwa a sayar kan kuɗi kaɗan, ko leburanci a sansanin soja inda ake biyan ɗan ƙasa ƙasa da abin da ake biyan Ba'amurke. Dala 21 da abinci da tufafi kyauta, kuɗi ne da zai sa wa gidan uwa rufin kwano. Ga kuma fita. Tsibirin a rufe yake, ba mai shiga ko fita sai da izinin gwamna, kuma kakanninsu ma sun san wannan hanya, don a ƙarni na 19 samari da yawa sun bi jiragen masu farautar kifin whale, wasu ba su sake dawowa ba. Ni a ganina wanda ya kira shigarsu aikin nan wauta ko bautar kai bai yi musu adalci ba. Mutum ne ya ga ƙofa guda a buɗe a gidan da aka toshe sauran, ya bi ta.

Ranar 7 ga Disamba 1941 da Japan ta far wa Pearl Harbor a Hawai, akwai 'yan Guwam a cikin jiragen da aka nutsar. Goma sha biyu daga cikinsu suka mutu, wasunsu a cikin jirgin Arizona. Boyin hafsoshi idan aka buga ƙararrawar yaƙi yana da wurin tsayuwarsa, galibi can ƙasa inda ake miƙo harsasai, wurin da ba saurin fita idan ruwa ya shigo. Mutumin da ya fi shahara daga wannan sashe a ranar shi ne Doris Miller, baƙar fata daga Texas, wanda ya kama bindigar kakkaɓo jiragen sama da ba a taɓa koya masa ba a jirgin West Virginia, aka ba shi babbar lambar yabo. 

Saboda tsibirin yana yamma da layin da kwanan wata ke sauyawa, a can 8 ga wata ce, ranar bikin Santa Marian Kamalen, waliyyiyar da suke ɗauka majiɓinciyar tsibirin. Mutane suna coci jiragen Japan suka fara ruwan bama-bamai a Sumay. Amurka ta riga ta yanke cewa ba za ta iya kare wurin ba. A 1939 majalisa ta ƙi amincewa da kuɗin gyaran tashar Apra, a watan Oktoban 1941 kuma aka kwashe matan Amurkawa da 'ya'yansu. Ba a kwashe kowa daga cikin 'yan ƙasa ba. Da asubahin 10 ga Disamba sojojin Japan fiye da dubu biyar suka sauka. Waɗanda suka tare su a dandalin Plaza de España, gaban gidan gwamna, yawancinsu samarin Camoro ne na rundunar tsaron cikin gida da aka kafa 'yan watanni kafin nan, da tsofaffin bindigogi kaɗan. Ba a yi awa guda ba Gwamna George McMillin ya miƙa wuya.

Daga ranar, matuƙin jirgin ruwa ɗan Guwam da ke tsakiyar teku ya daina jin ɗuriyar gida. Wata 31 babu wasiƙa, babu saƙo. Yana zuba wa laftanan kofi da safe bai sani ba ko uwarsa na da rai. Wannan ne sashen rayuwarsu da na fi tsayawa a kai, domin ba shi da lambar yabo kuma ba ya shiga littafin yaƙi.

Abin da ke faruwa a gida ya fi duk yadda zai yi zato. Japan ta sauya wa tsibirin suna zuwa Omiya Jima, ta tilasta koyon Japananci da rusuna wa kowane soja. Ta kawo Camoron Saipan da Rota, waɗanda suka tashi ƙarƙashin mulkinta, su yi tafinta da ɗan sanda, kuma dukan da wasunsu suka yi wa 'yan'uwansu ya bar tabon da har yau ba a cika son taɓawa ba. Gidan da aka san yana da ɗa a rundunar Amurka abin zargi ne. Wani Ba'amurke mai aikin rediyon sojan ruwa, George Tweed, ya ƙi miƙa kansa ya shiga daji, iyalai suka riƙa karɓarsa hannu zuwa hannu, daga ƙarshe Antonio Artero ya ɓoye shi a wani kogon dutse a gonarsa. An azabtar da mutane da dama a kan neman mutum ɗayan nan. An ɗauke Tweed da jirgi ranar 10 ga Yuli 1944. Kwana biyu bayan haka aka fille kan Fada Jesus Baza Dueñas, matashin limamin da aka yi kwanaki ana gana wa azaba don ya faɗi inda yake. Har gobe akwai masu tambaya a Guwam ko ran mutum guda ya cancanci wannan farashi, akwai kuma masu cewa ba don shi aka yi ba, don abin da yake wakilta aka yi.

Watan Yulin nan shi ne mafi muni. Aka tasa dubban mutane a ƙafa cikin ruwan sama zuwa kwarin Manenggon, tsofaffi da jarirai suka mutu a hanya da cikin sansanin. A Malesso, ranakun 15 da 16, aka tara mutane a wuraren da ake kira Tinta da Faha aka jefa musu gurneti, aka bi da banati, mutum 46 suka mutu. An zaɓo su ne daga masu ilimi da masu ƙarfi da masu alaƙa da Amurka. Mazan garin da suka rage suka yi wa masu gadinsu tawaye suka kashe su. Ranar 21 ga Yuli sojojin Amurka suka sauka a Asan da Agat, zuwa 10 ga Agusta aka ce an gama. A bangon tunawa da ke saman tudun Asan an rubuta sunayen 'yan Guwam 1,170 da suka mutu da wasu 14,721 da suka sha azaba, daga al'ummar da ba ta wuce dubu ashirin da 'yan kai ba.

A wannan shekara ta 1944 ɗin ce kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suke fama da sojan Japan ɗin nan a dazukan Boma. Su ma talakawan wata daula ne da aka ɗauka yaƙin da ba su suka tsara ba, kuma da yawansu dako aka sa su yi, ba riƙon bindiga ba. Bambancin shi ne su sun dawo sun tarar da garuruwansu a inda suka bar su.

Ɗan Guwam da ya samu hutu ya dawo a 1945 ya tarar da Hagatna ta zama kufai, kuma bama-baman Amurka ne suka rushe ta a makonnin da aka yi ana luguden wuta kafin saukar sojoji. Idan ɗan Sumay ne, garin ma babu shi. An mayar da wurin sansanin sojan ruwa, an kwashe mutanen zuwa wani sabon ƙauye a kan tudu mai suna Santa Rita, ba a kuma bar su sun koma ba. Maƙabartar garin da gicciyen cocinsa suna cikin shingen sansanin har yanzu. Admiral Nimitz ya dawo da hedkwatarsa tsibirin a farkon 1945, aka shimfiɗa filayen jiragen da suka riƙa zuwa ƙona biranen Japan, aka karɓe gonaki masu yawa da diyyar da masu su suka ce ba ta kai ko kusa ba. Wato rundunar da yake sanye da kakinta ita ce ta kuɓutar da uwarsa daga Manenggon, ita ce kuma ta karɓe gonar ubansa. Duk wanda zai fahimci dattijon nan dole ya riƙe waɗannan biyun a lokaci guda, don shi haka ya riƙe su har ya mutu. Shi ya sa 21 ga Yuli ta zama babban bikin tsibirin, Ranar 'Yanto, yayin da wasu jikokinsa ke cewa sake mamaya ce aka yi ranar.

Haƙurin ya ƙare a watan Maris na 1949. Majalisar Guwam, wadda ikonta bai taka kara ya karya ba, ta gayyaci wani Ba'amurke ma'aikacin sojan ruwa ya amsa tambayoyi kan harkar kasuwanci, ya ƙi, Gwamna Charles Pownall kuma ya goya masa baya. 'Yan majalisar suka fice suka ce ba za su dawo ba sai an yi wa tsibirin dokar mulki. Carlos Taitano ya tsegunta wa 'yan jaridar Amurka, labari ya bazu. Ranar 1 ga Agusta 1950 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar da ta mayar da 'yan Guwam 'yan ƙasar Amurka, ta kuma cire tsibirin daga hannun sojan ruwa. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana aiki ƙarƙashin tutar, sai a ranar ya zama ɗanta. Ko da haka ba a ɗage dokar neman izinin soja kafin shiga tsibirin ba sai 1962, ba su zaɓi gwamna da kansu ba sai 1970.

A cikin rundunar ma sauyin a hankali ya zo. Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariyar launin fata a soja a 1948, amma sashen hidimar hafsoshi ya ci gaba da zama na masu duhun fata shekaru da yawa, sai a 1975 aka haɗe shi da na sauran masu dafa abinci. Wasu Camoron sun sauya sashe da dama ta samu, wasu sun zauna suka kai muƙamin babban kuku mai kula da gidan admiral. Da suka cika shekara ashirin ko talatin suka yi ritaya da fansho da katin asibitin soja. Da yawa ba su koma gida ba, suka zauna a garuruwan da jiragensu ke tsayawa, San Diego da Long Beach da Vallejo a Kalifoniya, da Bremerton a jihar Washinton. A San Diego suka kafa ƙungiyar 'ya'yan Guwam maza da mata a 1953. Gidan tsohon kukun nan ne ya zama masaukin duk wani ɗan'uwa da ya zo karatu ko jinya ko neman aiki. Yau Camoron da ke zaune a jihohin Amurka sun fi na tsibiran yawa, kuma asalin hanyar daga ɗakin girkin jirgin yaƙi ta faro.

Kalmar uban zuri'a tana buƙatar ɗan gyara a nan. Kafin zuwan Sifaniya, Camoro ta wajen uwa suke ƙirga dangi da gadon ƙasa, kuma har yanzu mutum yana ɗauke da sunan gidan uwarsa a tsakiya kafin na ubansa. Matuƙin jirgi yakan yi wata shida ko tara a teku, matar ce ke riƙe da kuɗi da tarbiyya da lissafin cenculi, gudummawar da ake kai wa a biki ko rasuwa ana rubutawa a littafi don a rama ranar da ta zagayo, kamar dai yadda matanmu ke yi da biki. Girman da dattijon ke samu a tsufa, na zama a kujerar gaba ana kiransa Tun wane, yara suna zuwa suna kama hannunsa suna kai wa hancinsu don neman albarka, girma ne da shi da ita suka tara tare. Abin da da yawansu ba su ba 'ya'yan ba shi ne harshen. Mutumin da aka ci tararsa a makaranta don ya yi yarensa, ya kuma ga yadda Ingilishi ke raba mai goge takalmi da mai takalmin, ya yanke cewa 'ya'yansa Ingilishi za su yi. Miji da mata suka mayar da Camoro harshen da suke sirri da shi a gaban yara. An mayar da shi harshen hukuma tare da Ingilishi a 1974, amma jikoki ne yanzu ke zuwa aji suna koyon abin da kakansu ya ɓoye musu don ƙauna.

'Ya'yan kuma suka bi sawunsa zuwa soja, wannan karon da bindiga a hannu. Fiye da 70 daga Guwam suka mutu a Biyetnam. Ben Blaz, wanda Japan ta sa aikin dole yana ɗan shekara goma sha uku zuwa sha shida, ya kai muƙamin birgediya janar a rundunar sojan kundumbala, daga baya ya wakilci tsibirin a majalisar Amurka daga 1985 zuwa 1993. Shi ne ya yi ta nanata cewa mutanensa daidai suke da kowa a fagen yaƙi amma ba a zaman lafiya ba. Wakilin Guwam a majalisar ba ya da ƙuri'a idan an zo zartar da doka, mazaunin tsibirin ba ya zaɓen shugaban ƙasa ko da ya yi shekara talatin a soja, sai fa idan ya koma wata jiha da zama. Cikakken asibitin tsoffin sojoji mafi kusa yana Honolulu, tafiyar kilomita kusan dubu shida. Soja na riƙe da fiye da rubu'in ƙasar tsibirin, sabon sansanin da aka buɗe a 2020 kuma sunan Blaz aka sa masa.

Maganar diyyar yaƙi ita ce ta fi jan lokaci. A yarjejeniyar San Francisco ta 1951 Amurka ta yafe wa Japan duk wani haƙƙin da 'yan ƙasarta za su nema, har da na 'yan Guwam da suka zama 'yan ƙasa shekara guda kafin nan. Dokar biyan diyya ta 1945 wa'adinta gajere ne, mutane na zaune a bukkoki da yawa ba su ma ji labarinta ba. Wakili bayan wakili ya kai ƙudurin majalisa yana faɗuwa, sai a watan Disamban 2016 aka sa hannu: dala dubu 10 ga wanda aka tsare ko aka tasa tafiyar dole, dubu 12 ga wanda aka sa aikin dole, dubu 15 ga wanda aka yi wa mummunan rauni ko fyaɗe, dubu 25 ga magadan wanda aka kashe. Wanda ya tsira daga mamayar amma ya mutu kafin dokar, magadansa ba su da komai, kuma mafi yawan waɗanda ke Manenggon sun riga sun mutu. Kuɗin ma ba daga sabon kasafi ya fito ba, an cire shi ne daga harajin da dama doka ta ce a riƙa mayar wa gwamnatin Guwam. An fara biya a 2020, shekara 76 bayan saukar sojoji a Asan.